Abokin Sana'a

A kasuwar zinare ta Abu Hamad, bayan isha'i,
injin niƙan dutse ya yi shiru don mansa ya ƙare,
Mudassir ya miƙo mini wayarsa mai tsagaggen gilashi:
"Kawu, dubi abokin sana'arka."

Na duba. Wata amalanke ce mai ƙafa shida,
ba jaki, ba direba,
tana rarrafe a kan jan faƙo
irin wanda muka baro jiya gabas da titin jirgi.
Ya ce wai Mirrihu ke nan.
Na ce ni Mirrihun da na sani
ƙwallo take bugawa a Omdurman.
Ya nuna sama da haɓa, inda wani jan ɗigo
ke tsaye kamar garwashin da mai shayi ta manta.

Hannu ɗaya gare ta, dogo, mai gwiwa.
Takan daɗe tana kallon dutse kafin ta taɓa shi,
yadda nake yi.
Ta huda, ta zaro ɗan siriri kamar alli,
ta zura a bututu, ta toshe,
ta ajiye a ƙasa, ta wuce abinta.

"Wa zai ɗauka?"
"Wasu za su zo. Ba a san yaushe ba."
"Zinare ne?"
Ya yi dariya har da tari.
"Labarin ruwa suke tambaya, Kawu,
ko kogi ya taɓa bi ta wurin,
ko wani abu ya taɓa numfashi."

Shekara tara ina yawo da na'ura a kafaɗa,
kunnena maƙale da kukanta,
ban taɓa tambayar dutse komai ba
sai giram nawa.

Kakana Gambo ya taso daga Auyo da ƙafa,
da niyyar Makka,
da ƙullin ƙasar gonarsu a bakin rawani.
Guzuri ya ƙare a Maiurno.
Ya kafa bukka, ya haife mu.
Ƙullin na nan a ƙasan akwatin Inna
yana jiran mai mayar da shi,
mu kuwa ba wanda ya san hanyar Auyo.

Na ce, "Ita amalanken, za ta dawo?"
Ya ce a'a. Inda ƙarfinta ya ƙare
nan za ta tsaya, yashi ya yi mata mayafi.

Da asuba, kafin mota ta tashi,
na tsinci wani baƙin dutse a bayan tanti,
gefe ɗaya santsi, kamar ruwa ya daɗe yana lasarsa.
Na'ura ba ta yi masa kuka ba.
Na juya shi, na kai harshe: gishiri-gishiri.
Na sa shi a aljihun da nake sa kuɗi.
Mudassir ya gani, bai tanka ba,
ya dai matsa mini wuri a bayan motar.