Shirun da Ximena Ta Saƙa

A tudun Atakama, inda numfashi ke da tsada,
farin faranti ya kafa kunne sama,
yana jiran raɗar wani tauraro
da ya mutu tun gishirin ƙasar nan bai bushe ba.

Can ƙasa kuwa, a hanyar mahaƙa,
motocin dakon tagulla na hira ta rediyo,
murya kamar guduma a kan kwano.
Raɗar ta nutse. Wata uku ke nan.

Ximena Quilodrán ba ta sauka roƙonsu ba;
ba a tashin kasuwa don mutum ɗaya na jin barci.
Ta kafa 'yar eriya tana kallon hanya,
ta kamo hayaniyar, tsantsarta,
ta ɗora ta a gadon bayan hasken leza,
ta kora ta cikin zaren gilashi
wanda da ƙyar ya fi silin gashi kauri.

A ciki ta kifa ta.
Inda ƙarar ta hau, tata ta sauka,
inda ta sauka, tata ta hau.

Saura lokaci, kuma nan gizo ke saƙar.
Sai su biyun sun iso ƙofa tare, kafaɗa da kafaɗa.
In ɗaya ta makara da abin da bai kai ƙiftawar ido ba,
maimakon su cinye juna
sai su haɗa baki.

Eulogio mai gadi ya shigo da shayi a fulas,
ya daɗe yana duban allo.
"Wato da ƙara kike kashe ƙara?"
"Da inuwarta," in ji ta, ba ta waiwayo ba.
Yatsunta sun tsage don sanyi.
Ta murɗa ɗan dunƙulen ƙarfe kaɗan. Ya zarce. Ta dawo.

Uku da arba'in na dare
koren dutsen da ke kan allo ya fara narkewa,
ya rusuna, ya kwanta,
sai ga ɗan tudu a ƙarƙashinsa,
ƙarami kamar kumburin cizon sauro.
Tauraron.

Direba na can yana faɗa wa abokinsa
albasa ta yi tsada a Kalama.
Bai san an cire shi daga sama ba.

Ximena ba ta yi guɗa ba, agogo ta duba.
Rana na fitowa zaren zai ɗumama, ya miƙe,
ma'aunin ya goce.
Ta ce, "Ƙara min shayin."