Na Gefen Rijiya

Ranar da lasifika ta ce a fice kafin faɗuwar rana,
Inna na tsaka da suyar barkono.
Ta sauke kaskon, ta kifa masa faranti,
wai kada ƙuda ya sauka kafin mu dawo.

Baba ya datse ƙofa, ya yi taku uku,
ya koma ya girgiza kwaɗon.
Ya ɗaure kakarmu Sellaci a bayan keke
da tsohon sarinta, kamar damin kara.
Takardar gona cikin leda,
leda cikin tukunyar shinkafa,
tukunya a kaina.
Kugan, ɗan shekara shida, ya ce, "Akuyar fa?"
Babu wanda ya tanka.

Ruwa kamar da bakin ƙwarya a hanyar barin Jafna,
gada ɗaya tal, gari guda a kanta.
Wata ta haihu a gindin giginya,
muka ara mata lema,
daga ita har lemar ba mu sake gani ba.
Sama na ruri iri biyu,
a daren muka koyi raba na hadari da na jirgi.

Mun kwana a aji, ƙarƙashin allo
da lissafin da malami bai ƙarasa ba.
Daga nan haikali, daga nan rumfar ganyen kwakwa,
gida bakwai, in har sunansu gida.
A na uku Sellaci ta cika,
itacen ƙona ta ma sai da aka yi mana karo-karo.
A na shida Kugan ya tafi layin kananzir.
Galan ɗin ya dawo a hannun maƙwabci.
Har gobe Inna ba ta yarda a ce marigayi.

Bara aka ce an sassauta, a zo a gani.
Gani kawai.
Na hau bas da makullin a wuyana.

Waya mai ƙaya ta ratsa kunyoyin albasarmu.
Gidan na nan, an shafe shi da koren fenti,
buhunan yashi a tagar da nake taje kai,
rigunan soja shida a igiyar shanyar Inna.
Ƙofar ta ƙarfe ce yanzu.

Wani soja, gashin bakinsa bai gama tsirowa ba,
ya yi mini Sinhala, na mayar masa da Tamil,
zancen ya faɗa tsakaninmu kamar tsinkakken guga.
Sai ya saɓa bindiga,
ya nufi mangwaron da Baba ya dasa makon haihuwata,
ya tsinko biyu, ya goga a wandonsa,
ya miƙo ta tsakanin ƙayoyi
da murmushin mai gida da ya yi baƙuwa.

Na karɓa.
Har godiya na yi.

Da dare Baba, da idonsa ya riga shi tafiya,
ya juya ɗaya a tafinsa, ya shinshina.
"Na gefen rijiya ne," in ji shi.
"An yi garaje. Da an ƙara masa kwana huɗu."
Ya yi shiru, sannan:
"Tabamalar, kwaɗon fa? Yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Inna ta ɗago ta dube ni,
ta mayar da kai kan tsintar shinkafa.