Whitlock Biyu

Ƙarfe uku saura kwata, Hull ta yi barci,
ruwan sama na ƙwanƙwasa tagar hawa na bakwai.
Mu biyu ne a kan gadaje ashirin da biyu,
ni da Marites, wadda ƙafarta ta cika takalmi.
Ta ukunmu ta bugo waya da magariba: zazzaɓi.
Ba a turo kowa ba.

Gado na tara, Mista Whitlock.
Gado na sha huɗu, shi ma Mista Whitlock.
Ɗaya ciwon suga ke cinsa, ɗaya zuciya.
Allura na hannuna, na riga na zare murfi,
ƙararrawa uku na kuka a bayana,
ƙafa ta kai ni inda ido bai aike ta ba.

Ba wayona ne ya tsayar da ni ba.
Sabo ne, irin na bisimilla kafin loma:
"Faɗa mini sunanka da ranar haihuwarka."
Tsohon ya buɗe ido ɗaya.
"Yarinya, sau nawa? Dennis. Maris, arba'in da ɗaya."
Takardata ta ce Gerald. Ta ce Oktoba.
Na juya robar da ke wuyan hannunsa,
ita ma ta goyi bayan tsoho.

Gwiwata ta zama ruwa.
Na jefa allurar a kwandon rawaya,
na gyara masa bargon da bai karkace ba.

Babu wanda ya gani.
Da na yi shiru, da shirun ya rufa mini asiri.
Amma ramin da na tsallake yana nan da bakinsa,
gobe wata ce za ta biyo hanyar
da barcin kwana uku a ido.
Rigakafi ya fi magani, in ji allon bango.
Allon bai taɓa kwana a tsaye ba.

Da asuba na zauna gaban kwamfuta,
na kai ƙarar kaina: Saratu Ɗanjuma, nas.
A gurbin dalili ban rubuta gajiya ba,
na rubuta: hannu huɗu, gado ashirin da biyu.

Shugabarmu ta ce ta gode,
ta liƙa jan tambari a kan sunayen biyu.
Zancen ta ukun, ta ce ana dubawa.

Dennis na can yana mita shayinsa ya huce.
Ban taɓa jin mita mai daɗi haka ba.

A bas, goshina jingine da gilashi,
hannuwana na ƙamshin sabulun asibiti,
na tambayi matar da ke kallona a tagar:
ke fa, sunanki da ranar haihuwarki?
Ta daɗe kafin ta amsa.