Shafi Ɗaya Kafin Barci

Kwana talatin da ɗaya littafin yana rufe
a ƙarƙashin angarib, kusa da takalman Sallah.
Biro ya bushe. Ni ma haka.

Da na fara, duk Maiurno babu mai zafina.
Kowane dare shafi uku, wani sa'in huɗu:
farashin albasa a kasuwar Sinnar,
ranar da kogi ya ciko har gindin gawon Babikir,
injin ban-ruwan da na tayar
da wayar keke da bisimilla.
Har leda na saya wa littafin saboda damina.

Sai wani dare na ce, wai wa ke karantawa?
Tambayar nan gara ce.
Ba ta ƙara, ba ta gaggawa,
sai ka jingina da ginshiƙi ka ji ka a ƙasa.

Na ce gobe. Gobe ta zo da baƙi.
Na ce jibi. Jibi aka ɗauke wuta.
Gata kuwa wuta tana nan garau,
ni ne aka ɗauke.

Jiya Zulai tana neman ɗan tsakonta
ta jawo shi da ƙura da yanar gizo.
Ta zauna a rumfa, ta miƙe ƙafa,
tana haɗa baƙi da baƙi kamar mai tsallaka rafi,
ta faɗa kan shafin watan azumin bara:

"Inna Barmani ta soya gahawa da asuba,
ta ce citta ta yi tsada, amma ba a shan jabana gaya.
Ta ce in ta mutu kada a ba kowa turminta,
bakinsa ya saba da hannunta."

Uwar Zulai tana kan tanda.
Ba ta juyo ba.
Kisira ta ƙone, hayaƙi ya tashi,
ta ce hayaƙin ne ya shiga idonta.

Ni da na rubuta, wallahi na manta.
Wata bakwai da muka kai Inna makwanci,
na riƙe ranar, na riƙe wanda ya yi salla,
amma muryarta ta zube mini a hanya
kamar gero daga buhu mai huji.
Ashe a nan ta taru.
Turmin ma mun ba maƙwabta aro tun bayan arba'in.
Da safe na je na karɓo shi.

Sana'ata ta koya mini abu guda:
inji, ko kogi na lasar ƙafarsa,
ba ya jan ruwa da busasshen maƙogwaro.
Sai ka ɗebo gwangwani ɗaya ka zuba masa,
ya yi tari, ya yi gardama,
ka sake zubawa.

To ga gwangwanina na daren yau.
Na ari fensirin Zulai, mai cizo a gindi.
Ba ni da babban labari.
Na rubuta: kisira ta ƙone, mun ci haka nan.
Ɗan tsako ya fito da kansa daga bayan randa.
Babikir ya ce kogi zai sauka kafin Laraba,
ban yarda ba.

Layi huɗu ne, na biyar ya ƙi zuwa.
Na bar fensirin a tsakiyar littafin,
na ɗora shi bisa taga, inda zan gan shi da na farka.