Amsa Ta Biyar

A makarantarmu ta jinya a Gombe
akwai wata mace ta roba a kan gado.
Sau arba'in ta haihu a hannuna,
ba ta taɓa cewa wash ba.
Ba ta da ƙauye, ba ta da kogin tsallakawa,
ba a taɓa tambayar mijinta kuɗin safar hannu ba.

Sista Rifkatu, mai agogo a ƙirji,
takan ƙwanƙwasa tebur da biro:
"Yadda kika wanke hannu don matar kwamishina,
haka za ki wanke shi don mai tallan nono.
Mahaifa ba ta san muƙami ba."
Muka rubuta, muka haddace.
Littafi ya ce: in jini ya ɓalle, nemo jini;
in abu ya gagara, tura ta babban asibiti.
Wanda ya rubuta littafin nan
kwalta ce a ƙofar gidansa.

Sai aka tura ni sanin makamar aiki can bayan Nafada.
Ɗaki biyu, kwano mai yoyo.
Firjin allurai ya mutu tun bara,
a ciki ake ɓoye rajista saboda gara.

Daren wata Laraba, tsakiyar Agusta,
kogin Gongola ya cika ya batse,
mai kwalekwale ya ce ko nawa ne, sai gari ya waye.
Aka kawo Daso a amalanken shanu,
haihuwa ta shida, tun azahar take naƙuda.
Hausarta kaɗan ce, ni kuwa Fulatancina
kalma ɗaya tak: seese, a hankali.
Da ita na karɓi yaron.
Ya tsala kuka, muka yi hamdala.

Sannan jini.
Ba jan ruwan da muke ɗura wa roba ba ne,
wannan da ɗumi, da ƙarni, da gaggawa.
Zane na farko ya jiƙe. Na biyu ma.
Goggo Dudu, ungozoma,
irin waɗanda aka ce mana a aji mu yi hattara da su,
ita ta riƙe mini fitilar waya,
hannunta ko rawa bai yi ba,
tana kiran sunan Daso
kamar mai kiran saniyar da ta doshi zurfin ruwa.
Ƙwaya uku ƙarƙashin harshe.
Na dafa mara ina murzawa,
ina murzawa, kafaɗata na zogi,
har mahaifar ta dunƙule a tafina
kamar ƙwallon giginya.
Zane na uku bai jiƙe ba.

Da asuba mijinta Gidado
ya ajiye ƙwan zabi bakwai a bakin ƙofa, bai ce uffan ba.
Na zauna a benci ina lissafi:
da a Gombe ne, ga leda biyu ta jini, ga likita, ga janareto.
A nan sai hannuna, da tsohuwa,
da cajin waya saura kashi tara.
Kuma jiha ɗaya muke.

Ran jarrabawar ƙarshe, tambaya ta uku:
kawo abubuwa huɗu da ke kashe mata wajen haihuwa.
Na jero su yadda aka koya mana,
zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, ƙwayoyin cuta.
Layi ya ƙare, biro bai tsaya ba.
A gefen takarda na ƙara amsa ta biyar:
nisa.

Bayan mako biyu takardar ta dawo.
Sista ta zagaye kalmar da jan biro,
ba ta ba ni maki ba, ba ta kuma rage ba.
A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, ta rubuta:
"Shi ya ɗauke yayata Saraya,
saura mil huɗu mu isa Kaltungo."

Na cike fom, na nemi a mayar da ni Nafada.
Magatakarda ya ɗaga kai ya dube ni sau biyu.
Yanzu Goggo Dudu ke koya mini Fulatanci da yamma,
ni ina koya mata ƙirga zannuwa.