Takalmin Hagu

Sau tara ke nan Baba na ɗinke takalmin nan,
na hagun kaɗai, na dama bai taɓa kuka ba.
Yakan ɗaga shi sama kamar mai duba ƙwai a rana,
ya ce, “Zayyanu, mi kaka shuri da shi, dutsi?”
Sai ya yanko jar fatar akuya
daga gefen jakar da wani ya riga ya biya,
ya soka basilla, ya ja zare da haƙori.
Bai taɓa zuwa kallona ba.
Amma ya san gefen da nake bugu,
don can fatar take fara cinyewa.

Filinmu yana bayan firamare a Gidan Igwai.
Ba ciyawa, ba raga,
turaku biyu na dogon yaro, igiyar guga a sama.
Ƙarfe huɗu ƙasa tana ƙuna kamar tanda,
mu ashirin da biyu, ruwa jarka ɗaya.
Usur ɗin Koci Modi ya fashe tun bara,
da yatsu biyu yake tsayar da mu.

Da safe buhun albasa nake ɗauka a Kara,
shi ya sa Yusha'u, mai tsaron bayansu,
yake cewa ko ido rufe ya san na iso.
Ya sani ɗin.
Sanin bai taɓa hana ni wuce shi ba.

Akwai wani abu da ban iya faɗa wa kowa:
daidai lokacin da ƙwallo ta bar ƙafata
ba ta kai ga gola ba tukuna,
garin nan duka yakan yi shiru.
Babu bashi, babu zafi, babu gobe.
Don wannan ɗan shirun nake gudu.

Wata Asabar na ari keken Yusha'u,
na bi ta gadar Kwalkwalawa,
masunta a ƙasa, shanu na tsallaka Rima,
har na kai filin jami'a.
Na gan su cikin riguna iri ɗaya, da lamba a baya,
kowa da gorar ruwansa.
Na tsaya ina riƙe da keke har suka tashi.
Lamba sha ɗayansu ba ya waiwaye kafin ya ba da ƙwallo.
Ni ina yi.

Da na gaya wa Koci, sai ya tofar da asuwaki:
“Ƙofar can ba a buɗe ta da ƙafa, yaro.
Biro aka bugawa.”

Bara na zauna jarrabawa, maki sha biyu suka rage mini.
Sha biyu!
Na sha cin ƙwallayen da suka fi haka a wata guda.
Lissafi mai tsaron baya ne da ba ya cin yanka,
ka yi hagu yana nan, ka yi dama yana nan.
Yanzu ƙanwata Sa'ima ce kocin dare,
da fitilar waya da tsofaffin tambayoyi,
in na yi gyangyaɗi ta buga mini murfin tukunya.

Jiya takalmin ya sake buɗe baki.
Na ajiye gaban Baba ban ce komai ba.
Ya juya shi, ya daɗe yana juyawa,
sannan ya ninka fatar biyu, abin da bai taɓa yi ba.
“An ce can ciyawa ta,” in ji shi,
“ba ta cin fata awa ƙasarmu.”
Ya ja zaren, ya ƙulla, ya cije.
“In ka tahi, sai ka riƙa aiko shi dai,
in gani ko ka canza ƙafa.”

Jarrabawa saura kwana goma sha tara.
Takalmin yana rataye a ƙusa, yana warin sabuwar fata.