Sandar Awo

Kowace asuba, kafin ladanin Yelwa ya gyara murya,
nakan sauka bakin tafkin da ba a wanka a cikinsa
in tsoma sandata mai tsaga goma sha biyu.
Shekarar da na kama aiki, a tsaga ta biyar ruwa ke kwana.
Jiya ya lashi ta goma sha ɗaya,
ya bar mata baƙin kumfa kamar gashin baki.

Duk abin da Garwa ta ci, nan yake zuwa ya huta:
ruwan wankin hanji daga mahauta,
shunin marina, sabulun asibiti,
abin da attajiri da ɗan dako suka bari a bayan gida.
A nan ba a ce wa kowa ranka ya daɗe.
Tafki uku, kwana ashirin, rana da iska da haƙuri,
sannan mu sake shi ya gangara Binuwai
da fuskar da masunta za su iya kallo.

To, haƙuri ma yana da ciki, kuma cikin ya cika.

Sai takarda ta fito daga ofis, an kafe ta a ƙofa:
kada a ƙara haɗa bututu ko ɗaya
sai an haƙa tafki na huɗu.
Tafki na huɗu yana nan, a zane, cikin durowa.
A ƙasa kuwa awaki ke kiwo a kansa,
wani ma ya shuka kuɓewa.

Ran Laraba Tasalla ta zo, ƙanwata, ciki ɗaya.
Shekara tara tana suyar kifi a bakin gada,
tana sayen bulo biyar yau, uku gobe,
har ɗaki uku suka miƙe, har kwano ya hau.
Ta sayi farin masai na tangaran
ta lulluɓe shi da tsohon zani kamar jariri.
Daga katangarta zuwa babban bututu taki bakwai ne,
da ƙafarta ta auna.

Ta ce, "Yaya, gida ɗaya ne.
Tafkin naka zai ji nauyin gida ɗaya?"
Na ce tana cikin layi. Ta ce ta nawa?
Ta ɗari biyu da sha huɗu.
"Sabon otal na bakin titi fa, shi na nawa ne?"
Na dubi takalmina.
Ba a takarda na ga otal ɗin ba,
a sanda na gan shi, rabin tsaga cikin mako guda.

Ta ajiye mini kifi a ƙunshe, ta tafi ba sallama.

Da dare na kwanta ina lissafi.
Ina da diga, ina da shebur, na san inda bututun ke kwance,
kafin zakara ya yi cara da an gama.
Sai na tuna Bappa Sa'adu can ƙasa da mu,
da latas ɗinsa da ke shan abin da muka saki,
da yaran da ke iyo bayan lambunsa, baki buɗe.
Ga Agusta tafe da ruwanta.
Tsaga ɗaya ta rage, ba kuma tawa ba ce.

Yanzu Tasalla ta sa an haƙa rami a bayan gida
irin wanda ta yi rantsuwar ta bari har abada.
A cikin farin tangaran kazarta ke ƙwai.
In mun haɗu a biki, takan gaishe ni kamar baƙo.

Kifin dai na ci shi, da sanyinsa, a tsaye.
Da asuba na ɗauki sanda na sauka.